Mugam a kan fiyano: gado ne ko ado?

Garba_Tsirkiya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, ina ta lalube a YouTube sai na faɗa kan wani tsohon bidiyo: wani mutum mai ƙaton gashin baki ya duƙufa kan fiyano. Sunansa Vagif Mustafazade, mutumin Baku ne, babban birnin Azarbaijan. Hannunsa na hagu yana kiɗan jaz irin na baƙaƙen Amurka, na dama kuma yana jan wani kari mai lanƙwasa, kai ka ce almajiri ne ke rera ƙasida da asuba. Da na bincika sai na ga wai ya haɗa jaz ne da kiɗan gargajiyarsu da ake kira mugam. An haife shi a 1940, ya rasu a 1979.

Ya yi mini daɗi, ban musa ba. Amma ga abin da ke damuna. Fiyano kayan Turawa ne, sautinsa a ƙayyade yake. In ka ɗauki kiɗan kakanninka ka ɗora a kansa, ka raya gadon ne, ko kuwa jaz ɗin ka naɗa wa rawani kawai? Masana ku taimaka.

Bala_Fiyano
Wa alaikumus salam. Malam Garba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara 14 ina wannan sana'a a situdiyo. Daga wani sauti zuwa takwaransa na sama, maɓallai 12 ne kacal a fiyano, farare 7 baƙaƙe 5. Babu komai a tsakaninsu. Mai goge kuwa yatsansa yana zamewa a kan tsirkiya, duk inda ya ga dama nan zai tsaya. Ranar da aka kawo mini wani dattijo mai kukuma mu yi aiki tare, sai da muka kusa yin faɗa. Ni ina ce masa ya sauka daga kan sauti, shi yana ce mini injina ne kurma. Daga baya na gane shi ne mai gaskiya. To in mugam ma haka yake, ban ga yadda fiyano zai ɗauke shi gaba ɗaya ba.

Ummu_Hanan
Ku yi haƙuri, ni dai ina Azarbaijan ɗin take? Sunan kawai nake ji in ana wasan tseren motoci.

ƊanBaku
Anti, tana bakin tekun Kasfiya ne, Rasha a arewa, Iran a kudu, Jojiya da Armeniya a yamma. Mutanensu kusan miliyan 10, yawancinsu Musulmi, harshensu ɗan'uwan Turkanci ne. Suna cikin Tarayyar Sobiyat har 1991. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a nan, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mugam na asali mutum uku ke yin sa. Akwai mawaƙi, suna ce masa hanande, yana riƙe da wani tambari mai faɗi kamar bandiri, sunansa gabal. Akwai mai tar, wani abin kiɗa mai tsirkiya 11 da ake rungumewa a ƙirji, an rufe bakinsa da tantanin zuciyar bijimi. Sai mai kamanca, wanda Bahaushe yana ganinsa zai ce goge ne, sai dai shi tsirkiyarsa 4 kuma a kan gwiwa ake kafa shi a tsaye. Mawaƙin yana farawa da murya ƙasa-ƙasa, ya riƙa hawa mataki-mataki, kowane mataki da sunansa, a tsakani a sa 'yar waƙa mai kari ko ɗan kiɗan rawa don a huta, har ya kai ƙololuwa, sannan ya gangaro ya dawo inda ya faro. Zama ɗaya yana iya cin rabin awa ko fiye. Na je bikin auren yayan abokina, mawaƙin ya kai can sama, na waiga na ga tsofaffi sun rufe ido suna girgiza kai, abinci yana hucewa a gabansu.

Shi kuma Vagif, gidan da ya tashi a cikin tsohon gari, Iceri Sheher, an mai da shi gidan tarihi. Na je. Sai ka bi lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano kafin ka same shi. Mahaifiyarsa malamar fiyano ce, ita ta fara ɗora masa hannu.

Alaramma_Ƙarami
Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, amma kalmar ce ta ja ni. Mugam ɗin nan ai maƙam ne na Larabci, wato salon karin murya, aka lanƙwasa shi. Duk wanda ya saurari ƙira'ar Misirawa ya san Rast da Bayati da Sika da Hijaz da Saba da Nahawand. ƊanBaku, su ma da waɗannan sunayen suke kira?

ƊanBaku
Allah gafarta Malam, wasu sun zo ɗaya. Manyan nasu 7 ne: Rast, Shur, Segah, Shushtar, Cahargah, Bayati-Shiraz da Humayun. Segah ɗin shi ne Sika. Amma sunan ne ɗaya, in ka ji Rast na Baku ba daidai yake da na Alƙahira ba. Kuma baitocin da suke rerawa na manyan sha'irai ne irin su Fuzuli, a kan ma'aunin aruli, wanda malamanmu suka gina rubutattun waƙoƙin Hausa a kai.

Alaramma_Ƙarami
Madalla. To in haka ne Malam Bala ya yi gaskiya. Sika gaba ɗayansa a kan sautin da ke tsakani yake zaune. Cire wannan sautin, ka cire Sika.

Baba_Rediyo
'Ya'yana, kuna ta maganar maɓallai, kun manta da zamanin da mutumin ya rayu. A Tarayyar Sobiyat ta lokacin Stalin jaz abin tuhuma ne. Tun 1928 marubucinsu Maksim Gorki ya kira shi kiɗan masu ƙiba, wato 'yan jari-hujja. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara tsanani. Samari a ɓoye suke kama BBC da Muryar Amurka a gajeren zango, su haddace kiɗan da ka, don babu faifan saye. Wasu har a kan tsohon hoton ƙashi na asibiti suke kwafar faifai, ka ɗaga shi ka ga haƙarƙarin mutum. Shi Vagif haka ya koya, shi da abokinsa sha'iri Vagif Samadoglu, kunne a jikin akwatin rediyo.

Abin da ya sa na san wannan ɗanɗano, ni ma na saurari shirin jaz a rediyo. Willis Conover ne ya riƙa gabatar da shi a Muryar Amurka daga 1955, yana magana a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. A shekarun 1970 ina ƙaramin ma'aikaci a Kaduna, da daddare nakan ɗaura waya a jikin taga in kamo shi, sauti yana zuwa yana tafiya. Bambancina da Vagif, ni ba wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa saboda haka. To wanda ya saci jaz ta kafar rediyo, ya tashi kuma mugam na shiga kunnensa daga kowane lungu, kuna so ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya? Duka biyun nasa ne.

Sadiq_Kd
Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai wata fuskar. Ni ina zargin dabara ce. In hukuma na ƙyamar jaz a matsayin kayan Amurka, sai ka yafa masa rigar gargajiya ka ce kiɗan al'umma ne, su ƙyale ka. Wa ya sani ko mugam ɗin garkuwa ce kawai?

Baba_Rediyo
Ɗana, wanda ya riƙi abu garkuwa yakan ajiye shi in yaƙi ya lafa. Bayan mutuwar Stalin a 1953 an sassauta, har bukukuwan jaz ake yi a Tallin, babban birnin Istoniya, shi ma ya je ya yi kiɗa a can. Ya zauna a Tibilisi ya yi aiki da mawaƙan Jojiya. Da ya so ya yi ta kwaikwayon Amurkawa zalla, da ya yi. Sai ma ƙara nutsewa ya yi, ƙungiyarsa ta ƙarshe sunanta Mugam.

Bala_Fiyano
Na je na saurara, sau uku. Zan ɗan janye kaɗan daga maganata ta farko, amma ba duka ba.

Ga abin da na ji yana yi. Sautin da babu shi a fiyano, sai ya taɓa maɓallai biyu maƙwabta da sauri-sauri, ɗaya na bin ɗaya, har kunne ya ƙirƙiro na tsakiyar da kansa. Wani lokaci ya doke su tare su yi ɗan karo. Sannan yana maimaita sauti ɗaya da rawar yatsa, irin yadda mai molo ke karkaɗa tsirkiya, don fiyano ba ya jan numfashi kamar murya, kana bugawa sautin ya fara mutuwa. Sai kuma babban abin: yakan saki kari gaba ɗaya. Mai ganga ya yi shiru, shi kaɗai ya yi ta yawo ba ƙidaya, sai ya ga dama ya dawo. Wannan ba daga Amurka ya samo shi ba. Masu kiɗan bulus (blues) na baƙaƙen Amurka ma dai haka suka yi fama da fiyano, su ma muryarsu tana da sautin da babu a maɓalli, suka koyi murƙushe biyu wuri ɗaya. Ashe matsalar ɗaya ce, shi ya sa auren ya yiwu.

Inda ban janye ba: wannan ruɗin kunne ne. Gwaninta ce, amma sautin bai zo ba, inuwarsa ce ta zo.

Garba_Tsirkiya
To ai ka dawo da ni tambayata, Malam Bala. Inuwar gado gado ce?

Hajiya_Mairo
Ni abin da ya ba ni mamaki, kun yi ta zuba ba wanda ya ambaci 'yarsa. Aziza Mustafa Zadeh. An haife ta ranar 19 ga Disamba 1969, uban ya rasu a Tashkent, babban birnin Uzbekistan, ranar 16 ga Disamba 1979, ciwon zuciya, ya je yin wasa. Ku lissafa, saura kwana uku ta cika shekara goma. Shi kuma 39 kacal. Ba da daɗewa ba kafin nan ya ci gasar tsara kiɗan jaz a Monako da wani kiɗa da ya sa wa sunanta. Uwar, Eliza, mawaƙiya ce 'yar Jojiya, ita ta ci gaba da renon baiwar yarinyar. Daga baya suka koma Jamus, faifanta na farko ya fito a 1991, a 1995 kuma ta yi wani da manyan makaɗan Amurka irin su Al Di Meola da Stanley Clarke.

Dalilin kawo ta: Malam Bala ya ce fiyano ba ya iya sautin tsakani. To ita tana kaɗawa tana rerawa lokaci guda. Abin da yatsa ya kasa, maƙogwaro ya cike. Na fara jin ta ne a motar wata ƙawata likita, na ce wace ce wannan mai murya kamar tsuntsuwa, daga nan na kamu.

Bala_Fiyano
Hajiya, na karɓi gyara. Amma kin ga ai hujjata kika ƙarfafa. Da fiyano ya wadatar, da ba a nemi murya ba.

Hajiya_Mairo
Ko kalangu ma bai wadatar ba sai da Shata ya buɗe baki, Malam Bala.

Abu_Sumayya
Jama'a ku ji tsoron Allah. Duk wannan dogon bayani a kan kiɗa? Har da kawo ƙira'ar Alƙur'ani a ciki?

Alaramma_Ƙarami
Ɗan'uwa, asalin kalma na yi bayani, ban haɗa karatun Alƙur'ani da kiɗa ba, Allah ya tsare. Hukuncin kiɗa kuwa malamai sun yi maganarsa, kowa ya san inda zai je ya tambaya.

Mai_Unguwa (shugaban zaure)
A tsaya nan don Allah. Wannan zauren na al'adu da tarihi ne. Mai son waccan muhawarar ya buɗe mata nata shafin. A ci gaba.

Malama_Zainab_ABU
Na makara, amma akwai abin da ya kamata a sani: ba Vagif ne ya fara kai mugam gidan Turawa ba, ya tarar an share hanya. A 1908 Uzeyir Hajibeyov ya shirya wasan waƙa irin na opera a Baku a kan labarin Laila da Majnun, daga baitocin Fuzuli, ya bar wa mawaƙa fili su yi mugam nan take a tsakiyar wasan. Namiji ne ma ya fito a matsayin Laila, don a lokacin mace Musulma ba ta hawa dandamali. A 1945 ya fitar da littafi kan ƙa'idojin kiɗan al'ummarsu, har ya faɗi halin kowane mugam: Rast jarumta, Segah soyayya, Shushtar baƙin ciki mai zurfi. A 1948 Fikret Amirov ya rubuta mugam don babbar ƙungiyar makaɗa ta zamani. Ke nan kafin Vagif ya girma, kunnen mutanen Baku ya saba jin mugam a kan sautuka 12 ɗin nan. Tambayar da Malam Garba ke yi, su sun shekara fiye da 100 suna yin ta.

Kuma duk wannan bai kashe na asalin ba. UNESCO ta sa mugam cikin gadon ɗan'adam a 2003, Alim Qasimov da 'yarsa Fargana suna zaga duniya da shi yadda yake. Har kumbon Voyager da Amurka ta harba a 1977 yana ɗauke da faifan zinare mai ɗan guntun mugam a ciki.

Ɗan_Damagaram
Malama, wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, don mu a nan akasin haka muka gani. Su fiyano ya shigo, tar bai mutu ba, ana koyar da shi a makaranta da takardar shaida. Mu fiyano ya shigo situdiyo, yanzu yaro zai danna maɓalli ya fitar da kalangun roba, mai kalangun gaske yana zaune ba aiki. Ba laifin injin ba ne. A Yamai Mamman Sani ya ɗauki ogan na lantarki tun shekarun 1970 ya zuba masa karin gargajiyar Nijar, kuma in ka ji ka san na gida ne. Amma shi ya san karin kafin ya taɓa injin. Yaranmu na yanzu injin suka fara sani.

Bala_Fiyano
Ɗan Damagaram, ka jefe ni da dutse ina zaune lafiya. Amma ba ƙarya ka yi ba. Mai waƙa zai zo da kuɗin awa biyu, ina zan samo kuɗin ɗauko mai kalangu da mai goge? Akwai ma fiyanon Yamaha da Korg da aka yi don kasuwar Larabawa, masu maɓallan da za ka sauke sauti da rubu'i. Na taɓa taɓa ɗaya a Jidda. Sai dai shi fiyanon katako irin na Vagif ba ya yin haka, yadda aka ɗaure shi haka zai zauna.

Baba_Rediyo
Tunda an zo gida, bari in tuna muku. Yusef Lateef, babban mai busa na jaz daga Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike kan sarewar Fulani. Shi ko kalmar jaz ɗin ba ya so a kira kiɗansa da ita. Baƙo ya taso daga wata duniya ya zo koyon sarewarmu, mu muna nan. Habasha suna da Mulatu Astatke, Azarbaijan suna da Vagif. Mu wa muke da shi da ya zauna ya yi wa karin goge wannan hidimar?

Sadiq_Kd
Baba, Fela fa?

Baba_Rediyo
Fela gwani ne, amma gangar Yarbawa da hailaif ya gina a kai. Ni goge da gurmi nake tambaya.

Ummu_Hanan
Ni dai na je na saurari Azizar da Hajiya ta faɗa. Minti biyu na farko na ce wannan wane irin kuka ne, na uku na kasa kashewa. Mijina ya leƙo ya ce waƙar Indiya ce? Na ce a'a, ta Baku ce. Ya ce wane Bakun?

ƊanBaku
Anti kin ba ni dariya. Don cike maganar Malama, zuri'ar ba ta yanke ba. Isfar Sarabski, haifaffen 1989, ya ci gasar fiyano ta bikin jaz na Montreux a Suwizalan a 2009, kuma kakan mahaifinsa ko na mahaifiyarsa, Huseyngulu Sarabski, shi ne ya fito Majnun a wasan 1908 ɗin. Yakan hau dandamali da mai tar a gefensa. Akwai Shahin Novrasli, wanda Ahmad Jamal, babban makaɗin fiyanon jaz na Amurka, da kansa ya ɗaure wa gindi. Akwai Amina Figarova a New York, kodayake ita kiɗanta ya fi karkata ga jaz zalla. Bikin jaz na Baku kuma tun 2005 ake yin sa.

Amma kada ku ɗauka kowa a nan ya yarda. Mai gidan da nake haya, dattijo ne, yana da tar rataye a bango. Na taɓa kunna masa Vagif a waya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yaron yana da hannu, Allah ya ji ƙansa, amma mugam ba tare da baiti ba kamar shayi ne ba ganye. Jikarsa da ke karatun kiɗa ta ce masa ita ta hanyar Vagif ta fara son mugam ɗin, da can gani take kayan tsofaffi ne. Suka yi ta yi, ni dai na sha shayina.

Garba_Tsirkiya
Wato a Bakun ma ba a gama ba, balle a zaurenmu. Ni har yanzu zuciyata biyu. In na tuna maganar Alaramma kan Sika sai in ce ado ne. In na sake kunna bidiyon sai in ji mutumin nan ba aro yake yi ba.

Alaramma_Ƙarami
Malam Garba, ni Sika kaɗai na yi wa shaida. Sauran shidan ban ce komai ba.

Bala_Fiyano
Dattijon nan mai kukuma da na ce mun kusa faɗa, yana nan da rai, na kira ɗansa ɗazu. Ranar Asabar zai zo situdiyo. Wannan karon ba zan ce ya bi ni ba, shi zai ja, ni in bi da dabarar maɓallai biyun nan in ga iya inda za ta kai ni. In ya fito da kyau zan saka a nan, in bai fito ba kada wanda ya tambaye ni.

ƊanBaku, don Allah tambayar mini mai gidanka, a cikin bakwai ɗin wanne ne ya fi sauƙin zama a kan fiyano? Da shi nake so in fara gwaji kafin Asabar.

ƊanBaku
Ya tafi masallaci, in ya dawo zan tambaye shi. Amma ka shirya, ba ya ba da amsa a taƙaice.